Albashi Ɗaya, Kujeru Biyu

Alhamis, 8 ga Disamba

Rediyon Kosi ne ya kawo labarin, muna tsakiyar wanke kwalabe. Wai daga Janairu mafi ƙarancin albashi zai tashi daga sefa dubu arba'in zuwa dubu hamsin da biyu. Fifame ta bar tukunyar lemo a kan wuta ta hau guɗa. Kosi ya cika unguwa da hon ɗin babur. Tagwayen da ke yi mini aiki kuwa, Yaya Zinhwe da Yaya Tete, da furfurarsu da komai, suka miƙe daga kujerun fere abarba suka shiga rawa wuƙa a hannu, ƙafa ɗaya suke ɗagawa a tare kamar yadda suka saba yin komai.

Tete ta ce, "Dosi, taso mana! Ko kunnenki ya toshe ne?"

Bai toshe ba. Na tafa musu, har da dariya. Amma duk gidan nan ni kaɗai ce labarin ya zo wa da bayansa. Mutum huɗu nake biya a wannan 'yar sana'a ta lemon abarba, kuma dukansu a kan mafi ƙarancin suke.

Juma'a, 9 ga Disamba

Maigidana, Baban Sena, ya samu abin yi. Tun da ya bar koyarwa ni ce ajinsa. Yana cin tuwo yana nuna ni da loma: "Maman Sena, idan ma'aikaci ya samu kuɗi ba binne su zai yi ba, kasuwa zai kai. Mai kifi ta samu, mai gishiri ta samu, su kuma su zo su sayi lemonki."

Na ce to, kafin kuɗin su gama wannan zagayen su iso ƙofata, da me zan biya na Janairu? Ya ce ba ni da hangen nesa. Mutumin da bai taɓa biyan kowa ladan aiki ba sai mai aski!

Ba wai ban yarda sun cancanta ba. Ni ma ina zuwa kasuwar Alada, na san nawa kwanon masara ya koma.

Talata, 20 ga Disamba

Na je Kwatano neman ƙarin farashi. Mai sayen kaya na otal ya saurare ni da fara'a, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce su ma ƙarin ya hau kansu, sai haƙuri. Matar kanti ko kujera ba ta ba ni ba. "Ki ƙara ko dala, in koma wajen Maman Rozin. Lemo dai lemo ne."

Maman Rozin ba ta da rajista. Da kwando take biyan masu yi mata aiki, ranar da babu abarba babu ko sisi. Doka ba ta san ƙofarta ba. Ni ce mai rawar kai da na ɗauki ƙafata na kai kaina ofis aka rubuta ni, don otal su yarda da kayana. Yau ga ladan.

Talata, 31 ga Janairu

Na biya kowa sabon albashi cif. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin fuskokinsu.

Zinhwe ta ce gobe za ta mai da jikarta Sesi makaranta, yarinyar da uwarta ta rasu ta bar mata. Tete ta ce a karo na farko za ta sayi maganin hawan jininta na wata guda a dunƙule, ta huta da sayen ƙwaya bibbiyu kamar mai sayen alewa. Da yamma suka dawo daga kasuwa da ɗankwali iri ɗaya, suna juya mini kai wai in yaba.

Fifame kuma ta zaro kuɗinta ta sayi kwalba biyu a hannuna za ta kai wa surukarta. Tsautsayi, a kan idon Baban Sena. Har yanzu bai daina murmushi ba. Kwalba biyu fa!

Laraba, 15 ga Fabrairu

Kuɗin sayen kwalabe na taɓa na cika albashin wancan watan. Yau mai kwalabe ya zo ya koma da kayansa.

Talata, 28 ga Fabrairu

Na sake biya, da kwasar adashina da nake tarin gyaran rufi. Na uku ba zai yiwu ba. Na juya lissafin ta kowace fuska, amsa ɗaya yake ba ni: mutum uku zan iya riƙewa, ba huɗu ba.

Kosi ba ya taɓuwa, shi ke kai kaya, ni ban iya babur ba. Fifame ita ke dafa lemo ta ɗura, kuma bayana ba zai ɗauki tsayuwar gaban wuta ba. Saura masu ferewa. Wannan ko ni zan iya zama in taya.

Zinhwe na da jika a wuya, ba miji, ba kowa. Tete kuwa ɗanta na aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kullum bakinta na kan abin da ya aiko mata. To ai magana ta fito fili. Mai gata ta huta, marar gata ta zauna. Wane alƙali ne zai ce ban yi adalci ba?

Su biyun nan da su na fara, tun muna matse abarba da tsumma. Sun girme ni, shi ya sa har yau ba su taɓa ce mini uwar ɗaki ba, sai Dosi tsurarsa. Abincin rana bai shiga ba.

Asabar, 4 ga Maris

Na biya kasuwa na sayi atamfa mai kyau, shuɗiya mai zanen kifi, don kada in je wa Tete hannu rabbana. Mai atamfar ta san ni ta san su. Da na ce ta Yaya Tete ce, sai ta tsaya da almakashi a hannu.

"Turmi ɗaya?"

Na ce ɗaya.

"Ɗaya fa kika ce, Dosi?"

Na ce ta naɗe mini, ina sauri.

Na san abin da take nufi. Wa zai koya mini? Sunana kansa na mai bin tagwaye ne. Yayyena tagwaye maza sun tafi daji, yadda muke faɗa in tagwaye sun rasu, tun ba a haife ni ba, na tashi na tarar Inna na goye da 'yan tsanarsu na itace a ƙugu, tana yi musu wanka, tana ajiye musu wake da manja, ba ta taɓa ba ɗaya abu ta hana ɗaya ba. Ni dai tun da na yi aure na kama coci da gaske na bar waɗannan abubuwa. Ina ba su Zinhwe komai bibbiyu ne don ladabi kawai. Amma wannan ai maganar aiki ce, ba ta al'ada ba. Haka na yi ta faɗa wa kaina har ƙofar Tete.

Na tarar tana tsince wake. Na yi kame-kame, na zagaya ta kan tsadar sukari da ta gas, har ta gaji.

"Dosi, fere maganar nan ki ba ni tsokar, ɓawon ya isa."

Na faɗa. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Wato gwamnati ta ƙara mini albashi har ya kai babu." Ta yi dariya, ni na kasa. Na ce ai ga ɗanki, Allah ya rufa miki asiri. Ta ce, "Haka ne." Ta shafa atamfar ta ce kifayen sun yi ƙiba. Da zan fita ta tambaya ko na gaya wa Zinhwe. Na ce ai ita aikinta na nan. Ta dube ni dai, ta ce in gaida Baban Sena.

Na dawo ina cewa abin ya zo da sauƙi.

Litinin, 6 ga Maris

Kujeru biyu a gindin mangwaro, babu kowa a kai. Kosi ya miƙo mini ƙunshin tsumma, wai a hanya aka ba shi. Wuƙaƙensu ne guda biyu, an wasa su tas.

Na tafi gidan Zinhwe a fusace. Tana bakin famfo cikin mata, ban ko jira mun keɓe ba. Na ce Yaya, wane irin abu ne wannan, ke da na yi duk wannan don ke? Sesi fa?

Ta sauke bokiti. "Don ni? Ke Dosi, ke kike tambayata? In zauna ina ferewa kujerarta na kallona? In ci albashin da aka cire daga bakinta? Da bare ce ta yi, sai in ce ba ta sani ba. Ke a bayan tagwaye kika fito. Uwarki ko gyaɗa ba ta taɓa ba ɗaya ta bar ɗaya ba, su da suke itace ma. Mu da ranmu kika kawo turmi ɗaya."

Matan famfo suka juyo suna kallonmu. Wata ta ce, "Ayya." Wannan ayyar ta fi zagin ciwo.

Na ce to ta zauna da al'adarta ta ga ko ita za ta biya kuɗin makaranta. Na faɗa. Da ma ban faɗa ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Ni ke ferewa yanzu. Na yanke yatsa, ruwan abarba ya shiga ciki, na ga taurari da rana tsaka. Abin da suke gamawa kafin azahar ni sai la'asar, rabin tsokar kuma na bin ɓawo. Gidan shiru, ba mai tsokanar Kosi a kan budurwarsa.

Lahadi, 19 ga Maris

Sun zo bayan an tashi daga coci, su biyu, ɗankwali iri ɗaya. Zinhwe ba ta dube ni ba, Tete ce mai magana.

"Mun yi shawara. Ki mai da mu kan tsohon albashi. Mu dangwala hannu a kan sabon, ki ba mu tsohon. Wa zai sani? Rabin garin nan haka ake yi."

Wallahi raina ya so. A tsohon ai muna tafiya lafiya lau. Kafin in buɗe baki Baban Sena ya fito daga ɗaki da jarida a hannu, ya ce wannan sata ce da sa hannun wanda aka sata, ba a gidansa ba. Tete ta ce, "Malam, ai mu ne muke roƙo a sace mu." Bai yi dariya ba. Ni kuma na tuna gidan burodin da jami'in ƙwadago ya ci tara a watan jiya har suka rufe. In aka kama ni, otal sun tafi, Kosi da Fifame ma sun bi ruwa. Na ce ba zan iya ba.

Suka tashi a tare. Ko ruwan da na kawo ba su sha ba.

Bayan sun tafi ya sauko. Ya ce akwai hanyar da doka ta yarda: su dawo su biyun su yi rabin yini, a raba musu albashi ɗaya. Na ce rabin sabon ai bai kama ƙafar tsohon ba. Da wane ido zan dubi matan da suka girme ni in ce an yi ƙari, don haka ku karɓi abin da bai kai na da ba? Ya ce ko ba komai ya fi babu. Na ce zan yi tunani.

Gaskiyar ita ce maganar bakin famfo ba ta sake ni ba. So nake Zinhwe ta fara ba ni haƙuri.

Laraba, 12 ga Afrilu

Ina cikin mota zan je Kwatano na hango Zinhwe da Tete a bakin babban titi, cikin masu tallar abarba. Rana na dukansu. Duk motar da ta rage gudu sai su bi ta da faranti, suna gogayya da 'yan mata sa'o'in jikokinsu. Tete ce a baya, tana dafe da ƙugu. Na sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a jaka har muka wuce.

Da na dawo Fifame ta ƙarasa ni. Sesi ta bar makaranta, ita ke riƙe musu canji. Ɗan Tete kuwa tun Janairu kamfaninsu ya sallame su, ya mai da su 'yan aikin yini, ran da jirgi ya zo a kira su, ran da babu su zauna. Shi ma ƙarin ne ya bi ta kansa. Babu abin da yake aikowa.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Fifame ta ce, "Tanti, ai ba ki tambaya ba."

"Haka ne," Tete ta ce mini ranar, tana tsintar wake. Ni kuma na karɓa da hannu biyu don shi nake son ji.

Litinin, 1 ga Mayu

Ranar ma'aikata. Rediyo ya wuni yana jawabi. Kosi ya zo da fara'a, ya sa wa ɗakinsa kwano sabo, ya ce bana ba zai kwana da bokiti a kan gado ba. Fifame ta yi ƙiba. Ƙarin ya yi musu rana, ba zan yi ƙarya ba. Baban Sena ya saurari jawabin rabi ya kashe, bai ja ni da lacca ba.

Na yanke. Ran Asabar zan je in yi musu tayin rabin yinin. Zan sayi turmi na biyu in tafi da shi.

Asabar, 6 ga Mayu

Ruwa tun safe. Ban je ba.

Asabar, 13 ga Mayu

Otal sun nemi kaya da yawa saboda biki. Ban je ba. Mako mai zuwa, ko ana ruwan duwatsu.

Alhamis, 18 ga Mayu

Kosi ya shigo da babur bai yi hon ba. Ya cire hula ya tsaya a bakin rumfa.

"Tanti, Yaya Tete ta tafi daji ɗebo itace."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu, kuma ba na bukatar a fassara mini.

A bakin titi ta yanke jiki ta faɗi, faranti a ka. Kafin a kai ta asibiti an gama. Na tambayi Kosi ko tana shan maganinta. Ya ce bai sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambayar wanda ya sani.

Laraba, 24 ga Mayu

An kai ta. Ba a ɗaga murya da kuka ba, tunda ai itace ta je ɗebowa. An dafa wake da manja, yara suka ci suka ƙoshi.

Na durƙusa gaban Zinhwe zan yi magana. Ita ta riga ni. "Dosi, kin zo? Sannu da hanya. A ba ta kujera." Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙuwar kirki. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Baban Sena ya ce kada in ɗora wa kaina, hawan jini ba ni na sa mata ba, kuma mutum huɗu ba zan iya biyansu ba ko da na so. Duk gaskiya ne. Sai dai Asabar biyu na samu, ban je ba.

Litinin, 12 ga Yuni

Ina gindin mangwaro ina fama da abarba sai na ji sallama. Zinhwe ce. Ta rame. Zanin jikinta shuɗi mai zanen kifi. A ƙugunta, cikin ɗaurin zanin, ga kan 'yar tsana ta itace ya leƙo, sabuwar sassaƙa, an ɗinka mata 'yar riga da ƙyallen atamfar, har da ɗan ɗankwali.

Ta ga inda idona ya tsaya. Ta ce, "Tun ranar da kika kai mata ta raba shi biyu."



"Mun dawo aiki," ta ce. "Sesi za ta koma makaranta. Yanzu albashi ɗaya ya ishe mu, ita ba ta ci da yawa."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ne abin. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙunshin wuƙaƙen na miƙa mata. Ta zare tata, ta ajiye ɗayar a kan kujerar Tete, ta zaunar da 'yar tsanar kusa da ita ta jingina ta da kwando. Ta jawo abarba. Ni kuma na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da aka hana a wajen binnewa.

Juma'a, 30 ga Yuni

Ranar biya. Mutum uku, kuɗi sun kai, har da ɗan saura na mai kwalabe. Lissafin da na yi a Fabrairu ya fita daidai, ba abin da ya ɓace a ciki.

Na Zinhwe na raba shi a ambulan biyu. Ambulan ne suka yi mini yawa a durowa, ba wani abu ba. Ta karɓa, ta sa ɗaya a ƙugu ta ajiye ɗaya a kan kujerar Tete.

Kujerar kuwa ni ke fito da ita da safe, don in an bar ta a rumfa tuntuɓe ake yi da ita. Murfin kwalbar da nake cikawa da lemon tukunyar farko in ajiye a gaban 'yar tsanar, wannan ai ko ba komai ana duba kalar lemo a haske. Jiya Baban Sena ya gani. Na shirya wa lacca. Sai kawai ya matsar da kujerar cikin inuwa, wai rana ta juyo, ya wuce abinsa.

Turmi na biyun nan dai na saya. Yana cikin akwati, ban san wa zan ba ba.

Da yamma Zinhwe ta wanke wuƙa, ta ɗaura 'yar'uwarta a ƙugu, ta kama hanya. Ina share ɓawo na ɗaga kai na ce, "Sai gobe, Yaya Zinhwe. Sai gobe, Yaya Tete. Kada ku makara."